Hanyar da Jirgi ya Bari, Keke ya Gada

A can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila akwai wani lardi da ake kira Konwal, wanda ya miƙe cikin teku kamar harshe, ruwa ya kewaye shi ta fuska uku. Bisa ƙidayar 2021 mutanensa kimanin 570,000 ne. Shekaru 200 da suka wuce sunan wannan lardi ya game duniya saboda jan ƙarfe da kuzar da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasarsa, har ma a wasu wurare ramukan haƙar sun kutsa ƙarƙashin teku. Wannan zamani ya shuɗe. Farashin jan ƙarfe ya faɗi warwas a 1866, dubban mahaƙa suka watsu zuwa Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu, sa'an nan a watan Maris na 1998 aka rufe South Crofty, wadda ita ce mahaƙar kuza ta ƙarshe da ta rage tana aiki a lardin. Abin da aka bar wa mutanen wurin shi ne kangayen gidajen injuna, da ramuka, da tulin ƙasa mai guba, da tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa waɗanda ciyawa ta rufe.

A yau waɗannan tsofaffin hanyoyi suna cikin abubuwan da ke jawo baƙi zuwa Konwal. Mutane na zuwa da kekunansu na hawan dutse, ko kuwa su yi haya in sun iso, su bi ta bakin teku, su ratsa gonaki da dazuzzuka da kufan mahaƙai, su ci abinci a ƙauyuka su kwana a can. Mai karatu na iya cewa wannan wasan masu ƙoshi ne, babu abin da ya haɗa shi da ƙasar da ke fama da matsalar ruwan sha da magani. Gaskiya ne wasa ne. Amma duk ma'aikacin gwamnati da aka damƙa wa amanar filayen jama'a, da duk ɗalibin da ke karatun mulki ko safiyo ko tsarin gari, ya kamata ya tsaya ya dubi yadda aka yi waɗannan hanyoyi suka wanzu a wani wuri, suka kuma gagara a wani wuri cikin lardi guda. Amsar tana ga abin da hukuma ta yi da fili a ranar da jirgi ya daina wucewa.

Kafin a kai ga wannan, yana da kyau a san shi kansa keken. Asalinsa daga gundumar Marin ne, a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda a shekarun 1970 wasu samari suka riƙa tono tsofaffin kekuna masu kaurin taya, ƙirar shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Ran 21 ga Oktoba 1976 suka yi tserensu na farko da agogo a wata gangara mai tsawon kimanin mil 2, wadda tsananin gangarenta kan sa man birki ya ƙone, sai an sake ɗura wani bayan kowace saukowa. A 1977 wani daga cikinsu mai suna Joe Breeze ya ƙera keke na farko da aka yi musamman domin wannan aiki, a 1981 kuwa kamfanin Specialized ya fara sayar da irinsa da yawa a kasuwa. An yi gasar duniya ta farko a garin Durango na jihar Kolorado a 1990, aka shigar da wasan cikin wasannin Olamfik a Atlanta a 1996. Bambancinsa da keken da aka saba gani shi ne faffaɗar taya mai haƙora, da giya masu yawa domin hawan tudu, da birki mai ƙarfi, da sifirin da ke shanye girgizar duwatsu.

To, sayen keke abu ne mai sauƙi ga wanda ke da kuɗi. Samun inda za a hau shi ne ke da wuya, domin a Ingila kusan kowane taƙi na ƙasa yana da mai shi. Abin da jama'a ke da shi shi ne haƙƙin wucewa ta wasu hanyoyi da aka gada tun kaka da kakanni, waɗanda suka ratsa gonakin mutane, kuma mai gona ba shi da ikon toshe su. Tsawon irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales ya kai wajen mil 140,000. Doka ta kasa su kashi-kashi. Mafi yawansu hanyoyin ƙafa ne, waɗanda ba a yarda a hau keke a kansu ba sai da iznin mai fili. Akwai kuma hanyoyin doki, waɗanda dokar karkara ta 1968 ta buɗe wa masu keke bisa sharaɗin su ba mai tafiya ƙasa da mahayin doki hanya. In aka haɗa duka, abin da mai keke ke da ikon bi bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, ko ya ɗara kaɗan. Shahararriyar hanyar nan ta bakin teku mai tsawon mil 630, wadda ta taso daga Minehead ta zagaye Konwal baki ɗaya ta ƙare a Poole, galibinta hanyar ƙafa ce, saboda haka mai keke sai dai ya hango ta daga nesa. Wannan ƙaranci shi ya sa tsofaffin hanyoyin jirgi suka yi daraja.

Misali na farko shi ne hanyar da ke haɗa teku da teku. A 1809 masu mahaƙai suka fara shimfiɗa wata hanyar dogo ta taragu waɗanda dawakai ke ja, daga mahaƙan tsakiyar lardin zuwa tashar jiragen ruwa ta Portreath a gaɓar arewa. Ta nan ake fitar da ɗanyen jan ƙarfe zuwa kudancin Wales inda ake narka shi, jiragen kuma su komo da kwal na hura injunan da ke zuƙe ruwa daga ramuka. A tsakiyar shekarun 1820 aka buɗe wata hanyar ta biyu wadda ta nufi kudu zuwa Devoran, ta yi aiki har 1915. Da aka gyara ragowar waɗannan biyu aka haɗa su, sai aka sami hanya mai mil 11 wadda mai keke zai bi daga gaɓar arewa zuwa ta kudu cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Ita ce ƙashin bayan wasu hanyoyi masu jimlar tsawon kimanin mil 37 da suka ratsa yankin mahaƙai, yankin da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hannun hukumarta ta ilmi da al'adu, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2006.

Misali na biyu shi ne hanyar kogin Camel. Kada sunan ya ruɗi wanda ya san Turanci, babu raƙumi a cikin zancen, domin a harshen mutanen Konwal na asali ma'anarsa karkataccen kogi. A 1834 aka buɗe hanyar jirgi tsakanin Bodmin da Wadebridge, wadda ke cikin na farko-farko a duk Birtaniya, a 1899 kuma dogo ya isa garin masunta na Padstow da ke bakin teku. Bayan rahoton Dokta Richard Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar a rufe wajen mil 5,000 na dogo da tashoshi fiye da 2,300 domin rage hasarar da hukumar jiragen ƙasa ke yi, aka daina ɗaukar fasinja a wannan layi a watan Janairu na 1967. Jiragen kaya sun ci gaba da zuwa Wadebridge har 1978, masu ɗaukar farin yumɓun yin tangaram daga Wenfordbridge kuwa har 1983. Abin lura shi ne majalisun yankin sun karɓi filin da dogon ya bi, tare da gadojinsa, ba su bari an yanyanka shi ba. Yau hanya ce mai mil 18 wadda babu mota a kanta, kuma an sha ƙiyasta masu binta da kusan 400,000 a shekara. A Wadebridge da Padstow akwai shagunan hayar keke da masu gyara da gidajen abinci waɗanda da ita suke ci. Da yake jirgi ba ya son tudu, hanyar kusan a shimfiɗe take, saboda haka tsoho da yaro da mai keken guragu duk suna iya binta, 'yan makaranta da masu zuwa aiki ma suna amfana.

Sai a kwatanta wannan da abin da ya faru a wani gefen lardin. Akwai layin da ya haɗa Chacewater da Newquay ta Perranporth, wanda aka rufe a 1963. Shi kam ba a riƙe filinsa a hannu ɗaya ba, ya koma hannun mutane daban-daban, wani ya haɗa da gonarsa, wani ya yi gini, an kuma rushe wasu gadoji. Bayan fiye da shekara 50, a 2019, majalisar lardin ta fito da shirin kashe kimanin fam miliyan 19, galibinsu daga hukumar manyan hanyoyi ta ƙasa, domin gina hanyoyin keke guda huɗu masu jimlar tsawon wajen kilomita 30, ɗaya daga cikinsu a kan gurbin wannan tsohon layi. Kafin ƙarshen 2022 an yi watsi da biyu daga cikin huɗun, an kuma datse ta Perranporth zuwa Newquay ta tsaya a Goonhavern. Tsadar aiki da wahalar samun fili daga hannun masu shi suna cikin manyan dalilan da aka bayar. Lardi ɗaya ne, irin jirgi ɗaya ne, shekarun rufewa ma kusan ɗaya. Waɗanda suka riƙe fili sun sami hanya da kuɗi kaɗan, waɗanda suka saki nasu sun zo da miliyoyi sun koma da guntu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya taɓa aikin ƙasa. Darajar hanya tana ga ɗorewarta daga farko har ƙarshe. Ana iya sayar da rabin gona a noma sauran rabin, amma hanya mai mil 20 in aka toshe yadi 50 a tsakiyarta ta mutu. Kuɗin da hukuma za ta samu in ta sayar da 'yan fuloti a kan tsohon dogo bai taka kara ya karya ba, a shekara guda za a cinye shi. Ranar da aka so a maido da hanyar kuwa, sai an zauna da kowane mai fuloti ɗaya bayan ɗaya, a biya diyya, a shiga kotu, kuma mutum guda in ya ƙi ya isa ya tsai da aikin shekara da shekaru.

Riƙe fili kaɗai bai isa ba, sai an rubuta. Tun 1949 dokar Ingila ta wajabta wa kowace majalisar lardi ta ajiye taswira ta hukuma wadda ke nuna kowace hanyar da jama'a ke da haƙƙin bi, da kuma irinta, ta ƙafa ce ko ta doki. Hanyar da ke cikin wannan taswira ta tsira, domin kotu na karɓarta a matsayin hujja. Amma waɗanda suka yi aikin a shekarun 1950 sun yi kurakurai. Sun tsallake wasu hanyoyi, wasu kuma da dawakai da amalanke suka daɗe suna bi suka rubuta su a matsayin na ƙafa, abin da ya hana masu keke bin su har yau. A 2020 ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ta sa dubban 'yan sa kai suka gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, suka gano fiye da mil 49,000 na hanyoyin da mai yiwuwa an bari a baya. Wata doka ta 2000 ta yanka wa'adin 1 ga Janairu 2026, wai duk tsohuwar hanyar da ba a rubuta ba kafin ranar ta ɓata ke nan har abada. Daga baya aka ɗaga wa'adin zuwa 2031, sa'an nan a watan Disamba na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar za ta soke shi ɗungum. Ashe alƙalamin wani akawu da ya yi sakaci shekara 70 da suka wuce yana iya hana jikokin jikoki hanya.

Bayan fili da rubutu sai zaman tare, domin hanyar karkara ba ta mutum ɗaya ba ce. Manomi yana kukan an bar masa ƙyauren gona a buɗe tumaki sun fice, ko an firgita masa shanu masu ciki. Mai tafiya ƙasa, musamman dattijo, yana kukan keke ya fyaɗo ta bayansa babu ƙararrawa. Mahayin doki yana tsoron dokinsa ya zabura. Waɗannan koke-koke na gaskiya ne, kuma sun ƙaru tun da kekuna masu batir suka yawaita, ko da yake doka ta ƙayyade cewa ƙarfin injinsu kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimaka wa mahayi da zarar gudu ya kai mil 15.5 a sa'a. Sikotlan ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba kowa izinin ratsa mafi yawan filaye da ƙafa ko keke ko doki, muddin ya kiyaye ladabin da aka tsara, ya nisanci harabar gidaje da shukar da ke tsaye. Ingila ba ta kai nan ba, kuma ana ta muhawara a kai. Ko wace hanya aka bi, abin da ya tabbata shi ne haƙƙin wucewa yana tafe da nauyi, wanda ya ƙi ɗaukar nauyin kuwa shi ke jawo a rufe wa kowa ƙofa.

Wata dabarar da ta rage rigima ita ce raba masu son gudu da masu son shan iska. A dajin Cardinham na hukumar gandun daji, da kuma filin tsohon gidan sarauta na Lanhydrock, duka kusa da Bodmin, an gina hanyoyi na musamman domin keken hawan dutse, masu lanƙwasa da tudu da gangara, kowa na bin fuska ɗaya don kada a yi karo. An yi musu alama da launi yadda ake yi a duk Birtaniya: kore ga ɗan koyo, shuɗi ga wanda ya fara iyawa, ja ga gwani, baƙi ga wanda ya ƙware ƙwarai. Da haka uba ya san inda zai kai 'ya'yansa, saurayi mai jin ƙarfi kuma ya sami inda zai huce ba tare da ya ture tsohuwar kowa ba. Masu son doguwar tafiya kuwa, a 2021 ƙungiyar masu keke ta Cycling UK ta ƙaddamar da wata hanya mai kilomita 230 wadda ke tashi daga Penzance, ta bi ta Land's End da kangayen mahaƙan Botallack da ke maƙale a gaɓar teku, ta gangara Lizard, ƙarshen ƙasar Birtaniya ta kudu, ta komo ta tsofaffin hanyoyin taragu. Ana yin ta cikin kwana uku ko huɗu. Ba wata sabuwar hanya aka gina ba, an dai harhaɗa hanyoyin doki da ƙananan titunan ƙauye da tsofaffin dogo waɗanda dama suna nan.

Masu gina irin waɗannan hanyoyi sun daɗe da gane cewa ruwan sama ya fi tayar keke ɓarna nesa ba kusa ba. Hanyar da aka miƙe da ita sak daga kan tudu zuwa ƙasa, damina ɗaya ta isa ta mai da ita kwazazzabo. Saboda haka ƙa'idar da ake bi ita ce hanya ta riƙa ratsa gefen tudu a karkace, gangarenta a matsakaici kada ya wuce kashi 10 cikin 100, kada kuma ya wuce rabin gangaren tudun kansa. Ana ɗan karkata fuskarta waje domin ruwa ya tsallake maimakon ya bi ta, ana kuma sa 'yan kwaruruka jefi-jefi inda zai zube. A Konwal akwai ƙarin haɗari iri biyu. A bakin teku igiyar ruwa na cin gindin duwatsu, gaɓa na zaftarewa, sai an riƙa ja da hanya baya. A yankin mahaƙai kuma akwai tsofaffin rijiyoyin haƙa masu zurfin gaske waɗanda sai an rufe bakinsu ko an kewaye su, ga kuma ƙasa mai gubar asinik a wurare kamar kwarin Poldice. Mutanen wurin ba su manta da watan Janairu na 1992 ba, lokacin da gurɓataccen ruwa ya ɓalle daga rufaffiyar mahaƙar Wheal Jane ya rina kogin Carnon ja har zuwa teku, kuma ta wannan kwari ne hanyar keke ke bi zuwa Devoran. Wanda ya gayyaci jama'a su shigo irin wannan wuri ya ɗauki alhakin rayukansu.

Nan ne maganar kuɗin gyara ta shigo, wadda ita ce inda gwamnatoci da yawa ke faɗuwa, a Turai da Afirka baki ɗaya. Kuɗin gini yakan zo a dunƙule daga wata babbar hukuma, a yi bikin buɗewa, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Kuɗin share magudana da sare reshen da ya faɗi da sake zuba tsakuwa kuwa sai dai ya fito daga kasafin yau da kullum, wanda shi ake fara zaftarewa in aljihu ya yi zafi. Abin da ya faru a Wales ya isa ishara. A dajin Coed y Brenin aka buɗe cibiyar keken hawan dutse ta farko a Birtaniya a 1996, ta zama abin koyi ga sauran ƙasar. Amma a ƙarshen watan Maris na 2025 hukumar albarkatun ƙasa ta Wales, saboda giɓin da ta samu a kasafinta, ta daina gudanar da kanti da gidan abincin cibiyar, ko da yake an bar hanyoyin a buɗe. In haka ta sami uwar cibiyoyi, babu wadda za ta ce ta tsira. Duk shirin da bai faɗi wanda zai riƙa gyara ba, da asusun da za a riƙa biya, bai kammala ba.

Kada kuma a yi wa rogo kallon kitse. Yawon shaƙatawa bai maye gurbin haƙar ma'adinai a Konwal ba. Lardin ya daɗe yana cikin mafi talauci a Ingila, har Tarayyar Turai ta taɓa sa shi cikin yankunan da take ba agaji na musamman, daga shekarar 2000, saboda a lokacin abin da kowane mutum ke samarwa bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin ƙasashenta ba. Aikin hidimar baƙi na 'yan watannin bazara ne, albashinsa kaɗan ne, da sanyi ya shigo sai a sallami ma'aikata. Daɗin daɗawa, masu hali daga manyan birane sun saye gidaje a garuruwan bakin teku domin hutu, har 'ya'yan masunta sun kasa samun wurin zama a garin haihuwarsu, abin da ya sa daga watan Afrilu na 2025 majalisar lardin ta ninka harajin irin waɗannan gidaje. Amfanin hanyar keke a nan shi ne tana karkatar da baƙi daga cunkoson bakin teku zuwa ƙauyukan ciki, tana kuma kawo su a watannin da ba na cika ba. Taimako ne, ba magani ba ne, kuma hanyar da ta fi albarka ita ce wadda mutanen gari ke bi zuwa makaranta da kasuwa ko babu baƙo ko ɗaya.

Wannan labari yana da dangi a Nijeriya, domin kuzar da ta ɗaukaka Konwal ita ta kafa Jos, kuma mahaƙa da injiniyoyi daga can suna cikin Turawan da suka yi aiki a filayen kuza na Filato. Domin fitar da kuzar aka shimfiɗa ƙaramin dogon nan da ya tashi daga Zariya ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru, mai tsawon mil 143, wanda aka gama a 1914, aka rufe a 1957, wato shekara 10 kafin jirgin fasinja na ƙarshe ya bar Padstow. Filato ma an bar mata kududdufai da tulin ƙasa da ramuka. Tambayar da ta cancanci a yi wa ma'aikatun ƙasa da safiyo na jihohin da layin ya ratsa ita ce, a wace taswira aka rubuta gurbinsa, kuma nawa ne daga cikinsa ya rage a hannun hukuma? Irin wannan tambaya ta hau kan kowane reshen dogo da jirgi ya daina bi, da burtalan da gonaki suka cinye, da turbobin da ke kai ƙauyuka rafi da kasuwa. Kowa ya san jinin da toshe burtali ya jawo. A karkarar ƙasar nan keke abin neman abinci ne na manomi da ɗan makaranta da mai tallan kaya, saboda haka su ne za su fara cin moriyar hanyar da babu mota a kanta. Masu yawon shaƙatawa sa zo daga baya, in zaman lafiya ya samu.

Abin da ake bukata daga hukuma a yanzu bai kai tsadar gina mil guda na kwalta ba. Ya kamata a sa ma'aikatan safiyo su bi waɗannan gurabe su auna, su kafa duwatsun iyaka, a buga a jaridar gwamnati, a ajiye taswirar inda kowane talaka zai iya zuwa ya duba. Ya kamata a hana ba da takardar mallaka a kan kowane yanki nasu, kome ƙanƙantarsa, kuma kome girman mai nema. A sa hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi cikin aikin, domin su suka san inda hanya ta bi tun kafin a haifi mai riƙe da fayil. Sassan nazarin ƙasa da safiyo na jami'o'i da kwalejojin fasaha kuma suna da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga aiki nan a ƙofar gida.

Waɗanda suka hana a yanka filin dogon Padstow ba su san za a yi wani abu wai shi keken hawan dutse ba, domin a lokacin da jirgin fasinja ya daina zuwa ba a ma ƙera shi ba. Sun dai gane cewa hanya dukiyar jama'a ce wadda na baya za su sami abin yi da ita. Ma'aikacin da ke zaune yau da fayil a gabansa, ana roƙonsa ya sa hannu a yanka fuloti a kan tsohon dogo ko burtali, ya tuna cewa sa hannun na minti ɗaya ne, kuma babu kasafin kuɗin da zai iya warware shi bayan shekara 50.